Sawun Zabo a Ƙofar Baya

Chindo direba ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai iya tuƙi ba. Shekara goma sha ɗaya yana jan Fijon Hajiya Balaraba, mai fataucin albasa da atamfa a Birnin Konni, bai taɓa take ko kaza ba. Matsalarsa ba a kan hanya take ba. Idan mota ta tsaya ne hankalinsa ke tashi, domin shi mutum ne da ba ya iya ganin abu yana zaune lafiya ya ƙyale shi.

Shi ne ya taɓa cire ham ɗin motar ya ɗaura mata na tirela. Ranar da ya gwada shi a ƙofar gida, ragon layyar Hajiya ya tsinke igiya, sai a bakin duwan, wurin 'yan kwastan, aka kamo shi. Shi ne kuma da lagireto ya fara yoyo ya zuba masa garin kuka don ya toshe. Ya toshe kam, amma daga Konni har Tawa Hajiya cikin ƙamshin miya ta yi tafiyar, duk jandarman da ya leƙo sai ya tambayi ina tuwon. Da suka dawo ta zaunar da shi ta ɗaga masa yatsu biyu.

"Wanga na biyu na, Chindo. Ran da kay yi na ukku, mabuɗi na hannun Mumuni."

Mumuni ɗan ƙanwarta ne, magidanci mai gemu, ya yi shekara biyu da lasin a aljihu ba mota. Kullum yana kan benci a ƙofar gidan Hajiya yana shan shayi, yana kallon mabuɗin da ke hannun Chindo kamar yadda kyanwa ke kallon kwanon kifi. Chindo kuwa in aka raba shi da wannan mabuɗi an raba shi da komai. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, kuma ya tsufa da zama a tasha yana jiran a yi masa alfarma.

To, kowa zai ce mutumin da aka yi wa irin wannan kashedi zai kama kansa. Ya kama ɗin, wata bakwai cif. Sai rannan, a bazarar shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, motar wani Alhaji Takama ta gifta su tana ɗaukar ido. Hajiya ta dubi wannan, ta dubi tata, wadda a da shuɗiya ce amma rana ta cinye ta ta koma launin toka, ta yi tsaki ta ce tata kamar tukunyar da aka manta a murhu. Ita ta faɗa ta manta. Chindo bai manta ba, don ji ya yi kamar fuskarsa aka zaga.

Da ya tsallaka iyaka sayen mai, ya je wurin wani mai kayan mota ya sayo gwangwani biyu na man sheƙi, irin wanda ake shafa wa fenti ya toshe shi, ruwa ya riƙa zamewa a kai. Mai shagon ya riƙe hannunsa ya jaddada masa sharaɗi uku. A yi a inuwa, jikin mota da sanyi. A shafa kaɗan, siriri, wuri ɗaya-ɗaya. Da ya yi fari-fari, ka ja yatsa ka ga ya fita tas, a goge nan take da ƙyalle mai laushi. Ya ƙara da cewa in tsautsayi ya sa ya bushe, ba a kankara, sabon mai ne ke narkar da tsoho.

Ranar Alhamis Hajiya ta bi motar surukinta zuwa Yamai, sunan jikarta, ta ce sai Lahadi. A Konni aikin ba zai yiwu ba, ga Mumuni a benci. Saboda haka da sassafen Juma'a Chindo ya ce zai kai mota wanki, ya kama hanyar Bazaga, garinsu, inda akwai wata tsamiya a ƙofar gidan Goggo A'i wadda inuwarta ta ishi mota biyu.

Goggo A'i ƙanwar ubansa ce, ita ta raine shi. Bahaguwa ce, gajera, mai faɗan tsiya. A zamaninta ita ce mai ƙunshin lalle ta duk yankin, ana ɗaukar ta a jaki zuwa garuruwa don ta yi wa amare. Yanzu shekara shida ke nan ba wanda ya aiko mata, 'yan mata sun koma wa masu yi da salatif da leda. Abin da ya rage mata shi ne labari, kuma a cikin labaran akwai wanda Chindo ya tsana. Wai ita ta ƙunsa wa Hajiya Balaraba lalle a Tsarnawa, lokacin Balaraba ba ta da komai sai zane ɗaya. Duk zuwan da zai yi, in zai tafi sai ta ce, "Ka gaishe min da Balaraba." Shi kuma ya ce to. Bai taɓa isar da gaisuwar ba ko sau ɗaya. A ganinsa kurin tsofaffi ne, kuma ina direba ina tsayawa gaban uwar ɗakinsa yana tuna mata zane ɗaya.

Ya wanke motar da ruwan rijiya, ya bar ta ta tsane, ya buɗe gwangwani ɗaya, ɗayan ya tura ƙarƙashin kujera. Goggo ta jawo kujerarta ta tsugunno ta zauna kallo. Ya laƙato man a ɗan tsumma, bai kai ƙwayar gujiya ba, ya shafa a kusurwar kan motar yana kewayawa a hankali. Ya tsaya. Man ya yi fari-fari. Ya ja yatsansa na shida, wanda ya samo masa sunan Chindo, kuma wanda bai taɓa yi masa wani amfani ba sai yau, ya ga ya fita tas. Ya ɗauki ƙyalle ya goge. Wurin ya fito shuɗi mai zurfi, har ganyen tsamiya ya bayyana a ciki. Daɗi ya kama Chindo har ya ji kamar ya yi guɗa.

"Mi kay yi?" in ji Goggo.

"Na shahwa, na goge."

"Na gani. Ka shahwa, ka goge. To mi ar riba? Abin da kas sa ka cire shi."

"Goggo, haka aka yin shi. Kaɗan yaka shiga jiki."

"Kaɗan!" Ta karɓi gwangwanin ta shinshina, ta murza tsakanin yatsu. "Ni shekara arba'in ina shahwa ma mutane abu. Ba ka ba shi lokaci ba, ba ka ba shi ɗumi ba, ba ka ɗaure ba, ya za a yi shi kama? Rowa ta kawai, irin ta ubanka."

Chindo bai tsaya gardama ba. Da ya san abin da ke tafe da ya tsaya, ko da za su kai magariba. Amma a daidai lokacin Amadu mai amalanke ya iso ya ce ai ba a shigo gari a zauna goge mota ba alhali an yi rasuwa a ƙauyen gaba ba a je gaisuwa ba. Gaskiya ce, ba yadda Chindo ya iya. Motar ba ta tafuwa, an wanke ta, sai dai ya bi amalanken Amadu. Ya rufe gwangwani ya ɗora a kan tushen tsamiya, ya dubi Goggo.

"Don Allah kak kowa shi taɓa ta."

"Wa za shi taɓa ta?" in ji Goggo, tana kallon wani wuri.

Gaisuwar ƙauye ba ta da gajarta. Daga gidan rasuwa aka ce ga gidan wanda ya karye, daga nan ga wadda ta haihu, kowane gida kuma da kwanon furarsa, wanda in ka ƙi sha ka yi zagi. Aka yi sallar Juma'a a can. Jakin Amadu shi ma ya ga dama ya tsaya ya yi tunani a hanya sau uku. Ba su dawo ba sai bayan la'asar.

A ƙarƙashin tsamiya babu mota.

Chindo ya diro daga amalanke. Ya duba gabas, ya duba yamma. Can a tsakiyar fili, inda rana ta fi duka, ya hango wani tudu da bai san da shi ba, kamar an kayar da rumbu a kwance. An lulluɓe shi da tsofaffin tabarmi da buhunan gero, an ɗaɗɗaure da igiyar rijiya, ganyen tumfafiya na leƙowa ta ko'ina. A ƙasa ga tayoyi huɗu. A gefe ga Goggo da maƙwabtanta biyu, Barira da Kubura, suna zaune a 'yar inuwar dangar kara suna fifita, fuskokinsu irin na waɗanda suka gama aikin lada.

"Sannu da dawowa," in ji Barira. "Turin ta kawai yab ba mu wuya."

Ba sai an ja labari ba. Da Chindo ya ba da baya, Goggo ta kira su ta nuna masu yadda ɗan wanta ke wasa da kuɗinsa. Suka juye gwangwanin a ƙwarya, ta matsa masa lemun tsami don ya ƙara kamu, suka yaɓa wa motar da tafin hannu, kauri-kauri, yadda ake yi wa ƙafa. Da Goggo ta ga fili fetal a gabanta, mai faɗin da ba ta taɓa samu a jikin wata amarya ba, hannunta ya ƙi zama. Ta bi jikin motar da ɗan yatsa da tsinken kara tana zane a cikin man, tana share layi-layi har fenti. Sannan suka rufe da ganye, suka ɗaure, suka tura ta rana.

"Da ka bari ta kwana ma," in ji Goggo. "Amma wunin ga zahin ya yi kyau. Ya kama."

Ya kama kuwa. Da Chindo ya kwance igiyoyin ya ɗaga tabarma, sai ga motar Hajiya fara fat, ta yi ɓawo kamar an watsa mata simintin Malbaza. Ganye ya manne a wasu wuraren. Ya kai ƙyalle ya goga da ƙarfi, ƙyallen ya kama ya tsaya cak. Ya zauna a ƙasa daɓas. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Abin da yake gani kawai shi ne Mumuni a bayan sitiyari, yana gyara madubi ya dace da gemunsa.

Nan da nan gari ya taru, don a Bazaga ba a barin mutum ya ji baƙin cikinsa shi kaɗai ba tare da shawara ba. Wani ya ce toka. Wani ya ce ruwan kanwa. Kubura ta kawo yashi da soson wanke tukunya, har ta durƙusa za ta fara, Chindo ya yi wani tsalle da ba a san yana da shi ba ya faɗa tsakaninta da ƙofa. Amadu ya ce shi a ganinsa a bar ta fara, a ce wa Hajiya sabon fenti ne.

A cikin wannan hayaniya maganar mai shago ta faɗo masa. Sabo ne ke narkar da tsoho. Ya buɗe ƙofa ya laluba ƙarƙashin kujera, ya ji gwangwani na biyu na nan, ya rungume shi kamar ɗan da ya ɓace. Aka sake tura motar inuwa. Ya jira ta huce, ya laƙato mai ya murza a kan ɓawon, ya murza, ya murza, har ya ji ya saki. Ya goge. Sheƙi ya fito, tubarkalla, har ya fi na safe. Amma duk inda yatsan Goggo ya bi, inda mai bai zauna ba, tsohon fentin nan mai launin toka yana nan. Zanen ya fito raɗau, fari-fari a kan shuɗi, kamar hannun amarya ranar da aka kwance.

Matan suka rangaɗa guɗa. Chindo ya ce don girman Allah su yi shiru.

Maganin zanen shi ne a sake bin wurin da mai, siriri, har launin ya daidaita. Wato kowane taki na motar sai an yi masa sau biyu, da gwangwani ɗaya tak. Suka yi har rana ta faɗi, Asabar kuma tun da aka idar da asuba suka koma. Chindo ke shafawa, ba ya yarda kowa ya kusanci gwangwanin. Barira da Kubura ke gogewa da tsofaffin zannuwan da wanki ya lausasa. Abin mamaki, sun fi shi iyawa. Hannun da ya saba da dutsen niƙa ba ya gajiya da ƙofar mota. Suka samo wa aikin kari irin na daka, ɗaya ta tafi ɗaya ta dawo, har suna ƙirƙiro waƙa a kan wani direba mai yatsa shida da hankali huɗu. Maza na zaune a gindin tsamiya suna nuna inda aka tsallake.

Goggo ba ta sa hannu ba. Ta zauna a kujerarta tana kallo ana share aikinta ɗaya bayan ɗaya. Aka share tsani da taurarin da ta yi a kan motar. Aka share igiyar da ta kewaye but ɗin bayan motar. Aka share ƙofofin hagu biyu, da ta dama ta gaba. Ba ta ce uffan ba, kuma shirun Goggo abu ne da ba a saba ji a Bazaga ba.

Rana ta yi ja, saura ƙofa ɗaya, ta baya ta dama. Ɓawon ya riga ya fita, zanen kawai ya rage. Chindo ya daɗe yana kewaye ta yana barin ta ƙarshe, don a nan Goggo ta kafa kujerarta, kuma a nan ta zuba duk abin da ta iya. Sawun zabo ne, jere-jere, suna hawa daga ƙasan ƙofar suna kewaye marikin, kowane sawu da yatsa ɗaya da ya karkata hagu. Ko shi da ke cikin tashin hankali ya san abin ya yi kyau.

"Nan Balaraba taka zama, ko?" in ji Goggo. "Ka ce min kullum baya dama taka zama."

"Nan na."

"To."

Ya leƙa gwangwanin. Saura ɗan kaɗan a gindi, daidai ƙofa ɗaya. Ya dubi ƙofar, ya dubi hannuwan tsohuwar da ke kan gwiwoyinta. Ya ce haske ya tafi, ba a yin aikin nan a duhu, gobe da safe. Ya rufe gwangwanin ya ajiye a zaure.

Da safe ya tarar da shi a inda ya ajiye, a rufe, an lashe shi tas kamar kwanon biki. Goggo na tsakar gida tana shara. Dugaduganta, waɗanda faso ya tsattsaga tun yana yaro, suna sheƙi kamar kan motar Alhaji Takama.

"Goggo!"

"Ya hi man kaɗe," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Mi? Na ɗauka ka gama da shi."

Ya tsaya yana kallonta. Ya san ƙarya take yi, ta san ya sani. Haushi ya cika shi fal, amma a ƙarƙashin haushin akwai wani sauƙi da ya ji kunyar jin sa. Lokaci ya ƙure, Lahadi ce, ba zai iya tsallaka iyaka ya dawo kafin Hajiya ba. Ya tada mota. Ta biyo shi har gindin tsamiya tana taka ƙasa a hankali don kada santsi ya kwashe ta.

"Ka gaishe min da Balaraba."

Wannan karon ko to ɗin bai ce ba.

A Konni ya shiga da motar da baya, ya manna gefen dama da katangar gida har ba mai iya zura hannu. Mumuni ya taso daga benci ya kewaya iya inda ake kewayawa, yana neman aibu. Bai samu ba, shayinsa ya huce a hannu.

Hajiya ta sauka da azahar. Tun daga ƙofar gida ta ja ta tsaya. Ta matso, ta ga fuskarta a jikin motar har da haƙorin Makka, ta gyara ɗaurin kallabi a ciki.

"Chindo, sabuwa ka sawo min?"

"Ɗan goge ta nay yi, Hajiya."

"Wa yas sa ka?"

"Ba kowa."

Ta harare shi, amma hararar ba ta da ƙarfi, don idonta ya koma kan motar. Ta ce yanzun nan za a kai ta gidan Alhaji Takama ta yi wa matarsa barka da arziki, ko da ba a yi wani arziki ba. Ta ce ya fito da motar.

Chindo ya yi wuf ya buɗe ƙofar hagu. "Hajiya, yau ki gwada nan. Iska ta hi shigowa."

"Shekara goma sha ɗaya ban san da iskag ga ba?"

"Sabuwa ta."

"Iya," in ji Mumuni a hankali, cikin ladabi, "ni dai na ga an matse ta da bango ƙwarai."

Hajiya ta dubi Chindo. Ta nuna tsakiyar fili da haɓa. Ya shiga, ya ja motar gaba taku goma, ya kashe, ya fito ya tsaya kansa a ƙasa. Ta kewaya. Mumuni ya bi ta, ya ga ƙofar, ya toshe baki, dariya na fita ta hanci. Har ya fara goge tafin hannunsa a riga don karɓar mabuɗi.

"Kawo," in ji Hajiya.

Chindo ya miƙa mata. Ƙarfen ya bar hannunsa, ya ji kamar an cire masa haƙori. Ta riƙe, ba ta ba Mumuni ba tukuna. Ta sunkuya kusa da ƙofar, ita da ba ta sunkuya wa komai sai buhun albasa. Ta kai yatsa ta bi sawu ɗaya, ta tsaya a kan yatsan da ya karkata. Ta bi na biyu. Sannan ta juya hannunta ta zuba wa bayansa ido, kamar akwai abin gani a wurin ban da zobba.

"Wa yay yi wanga?"

"Goggona ta, Hajiya. Tsuhwa na. Ba ta san mota ba, ta ɗauka..."

"Bahaguwa ta?"

Chindo ya ɗago kai. "I."

"A'i. A'i ta Bazaga." Muryarta ta sauya. "Tana da rai?"

"Lahiya lau take."

Hajiya ta miƙe a hankali tana dafe da motar. Ta ce ranar da za a sa ta a lalle a Tsarnawa, uwarta ba ta cika wata uku da rasuwa ba, ba mai tsaya mata, ba abin biyan mai ƙunshi. Matar nan ta zo a kan jaki, ta yi kwana uku, ta ƙunsa mata hannu da ƙafa, ta ba ta tuwo a baki saboda hannuwan na ɗaure. Da za ta tafi ba ta karɓi ko goro ba, ta kuma yi wa dangin ango faɗan da har yau ba su manta ba. Ta ce ta sa an nema mata ita sau ɗaya, aka ce ta rasu.

"Ta san nan kaka aiki?"

"Ta sani."

"Shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa aiko ka da ko gaisuwa ba?"

Da ƙasa za ta tsage da Chindo ya gode mata. Ham ɗin tirela bai ba shi kunya haka ba, garin kuka ma bai ba shi ba.

"Kullum tana aikowa, Hajiya."

"Kullum."

"Har yau da sahe."

Ta daɗe tana kallonsa. Mumuni ya matso da hannu a buɗe, ta ture hannun ba tare da ta dube shi ba.

"Wanga shi an na ukku, Chindo, ba ƙohwa ba," in ji ta. "Kuma da na san hanyar gidanta da yau ka kwana ba mabuɗi." Ta wurga masa shi, ya cafe da hannu biyu. "Tada mota. Bazaga za mu."

Ya buɗe mata ƙofar dama, idonsa ya cika da ƙwalla, yana ta haɗiye su. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta tsaya, ta leƙa ƙofar gaba, ta leƙa but.

"Nan kaɗai tay yi?"

"A'a, duk motat tay yi. Na goge sauran."

"Ka goge?"

"Kwana biyu muna yi, Hajiya. Ni da mata biyu."

"Amaryar wa ka taɓa gani da lalle a ƙahwa guda?" Ta shige ta zauna ta gyara mayafi. "Mu biya ta tsallake ka sawo gwangwani huɗu. Ita za ta shahwa yadda ta ga dama, kai ka goge."

Mumuni ya koma bencinsa ya zuba sabon shayi. Chindo ya tada mota, kafaɗunsa na ciwo tun kafin a fara. Da suka hau kwalta ya dubi madubi ya yi gyaran murya.

"Hajiya."

"Mi kuma?"

"Goggo ta ce in gaishe ki."

"Ina amsawa," in ji Hajiya Balaraba. "Dubi gabanka."